Andre Norton: ta rubuta littafi sama da 100, me ya sa ba ma ambatonta?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da yadda muke hirar ƙagaggun labaran kimiyya, kullum in aka tashi sai Asimov sai Clarke sai Heinlein, in an matsa a ce Le Guin, shi ke nan an tashi taro. Ban ce ba su cancanta ba. Amma ban taɓa jin wani cikinmu ya ambaci Andre Norton ba, alhali ni dai ita ta sa mini son wannan fanni tun ina aji biyu na sakandare. Cikin tsofaffin littattafan da ake bazawa a ƙasa a kasuwar Sabon Gari na tsinci na farko, Catseye, bangon ya rabu biyu, ban ma san me ke ciki ba na saya saboda araha. A daren na cinye shi da fitilar ƙwai. Na yi shekaru ina ɗauka namiji ne, ashe mace ce, sunanta na yanka Alice Mary Norton, haifaffiyar Cleveland a jihar Ohio ta Amurka, 1912. Ta rasu a 2005 tana da shekara 93. Littafinta na farko ya fito a 1934, na ƙarshen da ta rubuta ita kaɗai ya fito a shekarar da ta rasu, ku lissafa da kanku, shekara 71 ke nan alƙalami bai huta ba. Littattafanta sun haura 100. To ina tambaya, akwai wanda ya karanta ta cikinku ko ni kaɗai ne?

Hajiya Turai:
Wa alaikumus salam. Ba kai kaɗai ba ne Baban Ummi, wallahi da na ga sunan sai da na ajiye abin da nake yi. Ni ta littafinta Witch World, wato Duniyar Mayu, na shiga, wajen yayana na same shi lokacin yana jami'a. Har yau ina tuna Loyse, yarinyar da ubanta ya ɗaura mata auren dole da wani sarki don neman mulki, ta yi shigar maza ta gudu. Ina da shekara goma sha biyar lokacin, abin ya zauna mini a rai.

Ɗan Kurmi:
Ikon Allah, mace ce?? To me ya kai ta ɗaukar sunan maza

Baban Ummi:
Kasuwa ce ta kai ta. A wancan zamanin labaran jarumta da yawon duniya samari ake yi wa, kuma masu buga littafi sun yi imani yaro namiji ba zai sayi littafin da ya ga sunan mace a kai ba. Ita kuma ba wai sunan aro kawai ta yi ba, a 1934 a hukumance ta mayar da sunanta Andre Alice Norton. Akwai ma waɗanda ta fitar da sunan Andrew North. Ta so zama malamar makaranta, ta shiga jami'ar Western Reserve, sai karayar tattalin arzikin Amurka ta shekarun 1930 ta sa dole ta bar karatu a 1932 ta kama aiki a laburaren birnin Cleveland. Wajen shekara 18 ta yi a can, akasari a ɓangaren yara. Ni a ganina nan sirrinta yake, wadda ta yi shekara 18 tana kallon wane littafi yaro ke ɗauka ya dawo ya nemi irinsa, wane ne kuma yake dawowa da shi ko rabi bai kai ba, ai ta san inda ake kama mai karatu.

Auwalu Zariya:
Yaya Baban Ummi ka yi haƙuri zan ɗan saɓa maka. Na karanta nata guda shida ko bakwai, kuma gaskiya ba na jin an zalunce ta. Na farko, wadda ƙungiyar marubutan kimiyya ta Amurka ta ba lambar Grand Master, ta girmama gwanayen fannin, a 1984 ba za a ce an raina ta ba, akwai ma kyauta da ake bayarwa da sunanta duk shekara ga littattafan matasa tun 2006. Na biyu kuma, shi ne ainihin maganata, in ka karanta uku ka karanta talatin. Kullum maraya ne ko wanda aka kora, ya faɗa wata duniya, ya samu dabba mai jin maganar zuci, su shiga wani kango ko ramin ƙarƙashin ƙasa na wasu mutanen da da suka shuɗe, a yi ta tafiya cikin duhu, sai kawai a shafi biyu na ƙarshe komai ya warware kamar an ce mata takarda ta ƙare. Turancinta ma wani iri ne, mai tauri, musamman in mutanen almara na magana. Ina za a haɗa wannan da zurfin tunanin Le Guin?

Hajiya Turai:
Auwalu ƙanina, maganar ƙarshen labari kam ka faɗi gaskiya, tana yanke shi kamar an ɗauke wuta. Amma ka san dalili ai, littattafan aljihu na kamfanin Ace na lokacin gajeru ne, akwai iyakar da ba a so a wuce, wani lokaci ma littafi biyu ake haɗawa baya da baya a bango ɗaya. Ba ita kaɗai abin ya shafa ba.

Baban Ummi:
Ba komai Auwalu, ai don haka na kawo maganar. Amma bari mu tsaya kan lambar da ka ambata tunda kai ka ɗauko ta. E an ba ta a 1984, ita ce mace ta farko, kuma ka san wani abu? Ta riga Clarke, shi sai 1986, ta riga Asimov, shi sai 1987. Wato 'yan'uwanta marubuta da suka san aikin sun sa ta a gaba. Bayan ita ba a sake ba wata mace ba sai 2003 da aka ba Le Guin, shekara 19. A 1977 ma ita ce mace ta farko da aka ba lambar Gandalf ta gwanayen almara. To amma duk waɗannan na girmamawa ne, irin wanda ake ba mutum in ya tsufa a ce an gode. Littafinta ko ɗaya bai taɓa cin Hugo ko Nebula ba, manyan kyaututtukan wannan fanni. Witch World ya shiga takarar Hugo a 1964, Way Station na Clifford Simak ya ɗauke. Abin da nake nufi da ba a ba ta haƙƙinta ba shi ne, masu sharhi sun ajiye ta a kantar yara sun wuce, mutane su karanta ta suna da shekara goma sha biyu, ta buɗe musu ƙofa, in sun girma su riƙa jin nauyin faɗin cewa daga wajenta suka fara.

Auwalu Zariya:
Wannan na riga Asimov ban sani ba gaskiya. Amma maimaicin fa? Ba ka amsa ba.

Anti Bintu:
Bari ni in amsa masa, don abin da yake kira maimaici shi ne ni ya riƙe ni. Auwalu, na yi shekara uku ina aiki a sansanin 'yan gudun hijira a Maiduguri, a lokacin ne wata abokiyar aikina ta ba ni Catseye da Judgment on Janus. Ban san me zan tarar ba. A cikin littattafan akwai wani wuri da ta kira Dipple, sansani ne a gefen birnin Tikil a duniyar Korwar, birnin masu kuɗi da shaƙatawa. An kwaso mutane daga duniyoyinsu lokacin wani babban yaƙi aka zube su a nan da sunan na ɗan lokaci ne, yaƙi ya ƙare, manya suka zauna suka yi sulhu suka raba duniyoyin a tsakaninsu, su kuma waɗannan ba inda za su koma. Shekaru suka wuce, ana haihuwa ana mutuwa a ciki. Hanyar fita uku ce kacal, ko ka samu aikin ƙwadago a cikin birni in ka yi sa'a, ko ka sa hannu a kai ka aikin ƙarfi wata duniya kamar bawa, ko ka shiga ƙungiyar ɓarayi. Troy Horan na Catseye ɗan makiyaya ne, da can yana da fili da dabbobi da suna, yanzu kullum da asuba yana layin neman aikin yini.

Wallahi na ajiye littafin na fita waje na tsaya. Don layin nan na san shi, ina ganinsa kowace safiya, kuma na san dattawan da suka bar garke da gonaki suna zaune a tanti ana kiran su da lamba. A Judgment on Janus kuwa yaron, Naill Renfro, kansa ya sayar ga masu ɗibar ma'aikata don ya samu kuɗin sayen maganin da zai rage wa mahaifiyarsa raɗaɗin ajali, ba ma don ta warke ba, don ta tafi cikin sauƙi. Wannan a shafukan farko ne fa na littafin da aka ce na yara ne. 1961 da 1963 ta rubuta su. Ina kyautata zaton sansanonin da suka cika Turai bayan yaƙin duniya na biyu ne a ranta, amma abin ya zo daidai da namu har abin tsoro.

To in ka ce kullum maraya ne ko korarre, na yarda. Tambaya ɗaya take yi a duk rayuwarta, wanda aka raba da gidansa ina zai sa kansa, wa zai karɓe shi. Sauran suna tambayar yadda inji zai yi tunani ko yadda daula za ta faɗi, ita tana can ƙasa wajen wanda daular ta faɗo a kansa. Ni ban ga laifin mutum ya yi ta juya tambaya ɗaya shekara 70 ba in tambayar ta kai.

Hajiya Turai:
Allah ya saka da alheri Bintu. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Ɗan Kurmi:
Amin ya rabbi. Anti kin sa jikina ya yi sanyi

Auwalu Zariya:
Amin. Anti Bintu ban karanta waɗannan biyun ba, zan nema. Ban janye maganar salon rubutunta ba amma wannan kusurwar ban kalle ta ba.

Malam Habu Mai Goro:
Ni kuma abin da ya haɗa ni da ita daban ne, kasuwanci. Duk wanda ya taso gidan fatake ya nemi labaran jirgin Solar Queen, na farkon Sargasso of Space, 1955, da sunan Andrew North ya fito. Ba sojoji ba ne ba sarakuna ba, fatake ne masu zaman kansu da tsohon kumbo guda ɗaya, manyan kamfanoni sun kame duk hanyoyi masu maiƙo sun bar musu ƙashi. Yaron labarin Dane Thorson ɗan koyo ne a ɓangaren kaya, ƙarƙashin ubangidansa Van Rycke. A littafin farko gwanjo aka yi na izinin ciniki da sababbin duniyoyi, ma'aikatan jirgin suka haɗa duk abin da suka mallaka har albashinsu suka saya ba su ga kaya ba, da aka buɗe takarda ashe duniya ce da yaƙi ya ƙone, Limbo. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayen dila a rufe ya san yadda cikinsu ya yi.

Na biyun Plague Ship ya ma fi daɗi. Sun je duniyar Sargol wajen wasu mutane masu siffar kyanwa, Salariki, suna son sayen wasu duwatsu masu ƙamshi da tsada, an yi ta zaman ciniki ana gaisuwa ana jan rai ba a daidaita ba, duk hajar da suka ɗauko ba wadda ta burge mutanen. Ashe abin da zai buɗe kasuwar wani ɗan ganye ne da ke cikin lambun jirgin, irin wanda kyanwa ke hauka a kai, wani yaronsu ya shinshina. Kakana da ya yi fataucin goro zuwa Gwanja abin da yake faɗa mana ke nan, ba abin da ka ɗauko ne haja ba, abin da mutanen gari ke so ne. Matar nan ta fahimci ciniki, ta san ladabinsa da haƙurinsa.

Baban Ummi:
Malam Habu ka tuna mini, ka duba ma su wa ke cikin jirgin. Akwai Ali Kamil a ɓangaren inji, akwai Rip Shannon baƙar fata ne yana koyon jan ragamar jirgi, akwai Tang Ya, akwai Frank Mura. A 1955 fa, shekarar da aka kama Rosa Parks don ta ƙi tashi ta ba Bature kujera a bas. Kuma ba ta yin wa'azi a kai, kawai ga su nan kowa na aikinsa. Tun a Star Man's Son na 1952 ma abokin jarumin, Arskane, baƙi ne. The Beast Master na 1959 kuwa jarumin Hosteen Storm ɗan ƙabilar Navajo ne ta Indiyawan Amurka, an ƙone duniyarmu ƙurmus a yaƙi, ya sauka a duniyar Arzor ba shi da kowa sai dabbobinsa huɗu, gaggafar Afirka mai suna Baku, wata ƙatuwar kyanwar sahara Surra, da wasu 'yan dabbobi biyu masu kama da tunku, Ho da Hing.

Ɗan Kurmi:
Tsaya tsaya, Beastmaster ɗin da muka kalla a gidan kallo muna yara? Mai takobi da damisa? Ai Bature ne fari sol ba riga

Baban Ummi:
Shi fa, na 1982. Daga littafinta aka ɗauko tunanin amma aka watsar da komai, aka cire Ba'indiyen aka sa Bature mai farin gashi, aka cire sararin samaniya aka mayar da shi zamanin takubba. Ba ta ji daɗi ba har ta nemi a cire sunanta. Ka ga irin abin da nake faɗa, miliyoyi sun san fim ɗin, mai asalin labarin kuwa ba a san ta ba.

Zainabu Abu:
Ku yi haƙuri iyayena da yayyena, ina ta karantawa ban sa baki ba, amma kada mu wanke ta tas. Tunda an zo maganar launin fata sai a faɗi duka. Na karanta Voodoo Planet, 1959, cikin jerin Solar Queen ɗin da Malam Habu ke yabo, kuma raina ya ɓaci. Duniyar Khatka wai 'yan Afirka ne suka gudu can bayan yaƙin nukiliya suka zauna. To madalla. Amma me ta ga ya dace ta ba su? Gandun namun daji na masu yawon farauta, da boka mai suna Lumbrilo yana kaɗa ganga yana tsafi. Mutane sun ƙetare taurari amma abin da aka tuna da shi game da su ganga da boka. Sunan littafin kansa ya isa. Kuma Afirkar tata dunƙule take kamar gari ɗaya, ba ka san ko mutanen ina ba ne.

Malam Habu Mai Goro:
'Yata ban musa miki ba, shi ne mafi rauni a jerin. Amma ki tuna Asaki shugaban masu gadin dajin, mutum ne mai ilimi da kwarjini, shi ya gayyato su kuma ba yaron kowa ba ne a labarin.

Zainabu Abu:
Na gani Baba, amma mutum ɗaya mai kwarjini bai goge sauran ba. Irin wannan ne ake ce mana ai ta yi ƙoƙari a zamaninta, kullum mu ne za mu yi haƙuri da zamanin wasu.

Hajiya Turai:
Zainabu tana da gaskiya kuma bai kamata a rufe ta da ai zamani ne ba. Abin da zan ƙara kawai, matar ba ta tsaya inda take a 1959 ba. Duk abin da ta sani game da Afirka da Indiyawan Amurka daga littattafan laburare ta samo, waɗanda Turawa suka rubuta, to dole kurakuransu su biyo ta. Amma ta ci gaba da gwadawa. A Android at Arms na 1971 jarumin yarima ne baƙar fata daga daular da 'yan asalin Afirka suka kafa a wata duniya, sarauta ce sosai da fada da tarihi. Lavender-Green Magic na 1974 yaran gidan baƙaƙen Amurka ne. Ni ina auna mutum da inda ya dosa.

Usman Gadarif:
Salam daga Sudan 'yan'uwa. Hajiya kin bar wanda ya fi shafarmu, Wraiths of Time, 1976. Jarumar Tallahassee Mitford baƙar Ba'amurkiya ce masaniyar kayan tarihi, aka fizge ta zuwa wata duniya inda zuriyar Meroe, tsohuwar daular nan ta Sudan, ba su shuɗe ba, suka kafa babbar daula, sarauniya ke mulki da laƙabin Kandake. Na je Meroe da ƙafata, dalar nan da ke Bajrawiya kusa da Shandi, kuma yawancin baƙin da ke zuwa Afirka kallon dala Masar kawai suka sani, alhali dalar da ke Sudan sun fi na Masar yawa. A ce wata tsohuwa a Florida ta zauna a 1976 ta yi tunanin me zai faru da a ce wannan daular ta rayu, ta kuma ba mace baƙa ragamar labarin, ni kam na girmama ta. Akwai kuma Shadow Hawk na 1960, shi tarihi ne ba kimiyya ba, maharban Nubiya ne a yaƙin korar Hyksos daga Masar. Zainabu ki gwada Wraiths of Time ki zo ki faɗa mana, in bai yi miki ba ki faɗa.

Zainabu Abu:
To Yaya Usman zan nema. Amma ra'ayina kan Voodoo Planet yana nan.

Baban Ummi:
Ki riƙe shi, nima ba na ba kowa shi a matsayin na fara karatu.

Maman Sadik:
Don Allah tambaya gare ni. Ɗana shekararsa 13, ba ya karanta komai sai waya, ina neman abin da zai ja shi. Amma na ji ana ta mayu da tsafi, ni kuma gaskiya ina taka-tsantsan da abin da ke shiga kansa. Ya dace da shi?

Hajiya Turai:
Maman Sadik ta ɓangaren tarbiyya ki kwantar da hankalinki, ba batsa ba ashar, soyayya ma da ƙyar za ki ga an riƙe hannu. Na almarar ne dai akwai sihiri a ciki, wannan ba ɓoyayye ba ne, to ki bar su sai ya ƙara hankali ko ki karanta da kanki tukuna ki yanke. Ki fara masa da na kimiyya, Plague Ship ko The Time Traders.

Kuma kalmar mayu ɗin nan ma ba ta zauna ba. Matan ƙasar Estcarp a Witch World ba mayu ba ne irin namu masu kama kurwa, ba kuma bokaye ba masu karɓar kuɗi. Majalisa ce ta mata masu wata baiwa, su ke riƙe da ƙasar, su ke tsare iyakarta. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta mayar da su waliyyai ba. Dokarsu ita ce duk wadda ta yi aure baiwarta ta tafi, ko sunansu ba sa faɗa wa kowa. Ɗaya daga cikinsu, Jaelithe, ta faɗa wa jarumin labarin Simon Tregarth sunanta, ta aure shi, ta miƙa dutsen ikonta, sai ga shi baiwar ba ta tafi ba. Ta koma ta gaya musu, suka ƙi yarda, don in sun yarda dokar da suka gina mulkinsu a kai ta rushe. Daga baya har 'yarta Kaththea suka ɗauke ba da yardar gidan ba, sai da 'yan'uwanta biyu Kyllan da Kemoc suka je suka ƙwato ta. Wato ta nuna mata ma in suka riƙe iko suna iya danne na ƙasa. A 1963 zuwa 1965 ta rubuta wannan, lokacin da mace a irin waɗannan littattafan aikinta a sace ta a zo a cece ta. Year of the Unicorn kuma gaba ɗaya da bakin mace aka ba da shi, Gillan, ita ma marainiya ce da ba ta san asalinta ba.

Auwalu Zariya:
Hajiya marainiya kuma dai. Amma na fahimta yanzu. Abu ɗaya da har yanzu ke damuna, na ƙarshen rayuwarta da ake rubuta sunanta da na wani a bango, na karanta biyu ban ji muryarta a ciki ba sam. Ina ganin su ma sun rage mata daraja, mutum ya fara da su ya ce ashe wannan ce.

Baban Ummi:
Nan kam muna tare. Duk wanda zai fara ya tsaya tsakanin 1952 da wajen 1975, can ne zumar take. Amma haɗin gwiwar ma da dalili, ta buɗe duniyar Witch World ta bar ƙananan marubuta, yawanci mata, su yi rubutu a ciki su samu shiga. The Elvenbane da ta yi da Mercedes Lackey a 1991 ya karɓu sosai. Littafin C. J. Cherryh na farko, Gate of Ivrel na 1976, ita ta rubuta masa gabatarwa. Da edita Donald Wollheim ya bar Ace ya kafa kamfaninsa DAW, littafi mai lamba 1 da suka fitar a 1972 nata ne, Spell of the Witch World, ka ga mutumin da ya fi kowa sanin kasuwar da sunanta ya buɗe shago. Bayan ta koma Murfreesboro a jihar Tennessee kuma ta buɗe laburare na musamman don marubuta su zo su yi bincike, High Hallack, sunan wata ƙasa a cikin labaranta, a 1999, aka rufe a 2004 da jikinta ya yi rauni. Ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba, ita da kyanwoyinta da littattafai, abin da ta tara a kan masu tasowa ta ƙarar.

Ɗan Kurmi:
Allah sarki. To a ina ake samu yanzu, don masu baza littafi a ƙasa sun yi ƙaranci, duk sun koma sayar da na jarrabawa

Anti Bintu:
Akwai da dama kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg, halal ne ba sata ba, haƙƙin mallakarsu ya ƙare a Amurka. Plague Ship na nan, The Time Traders na nan, Star Born, Storm Over Warlock, Key Out of Time, har Voodoo Planet ɗin Zainabu. Ba su da nauyi, data kaɗan za su ci, a waya ma za ka karanta. Akwai wani ɗan gajere All Cats Are Gray, minti goma ka gama, Maman Sadik ki fara gwada Sadik da shi ki ga ko zai nemi ƙari. Catseye da Witch World kam sai an saya ko an aro.

Baban Ummi:
Catseye ɗina na nan har yau na ɗinke bangon da zare, duk wanda ke Kano ya yi mini magana in ba shi aro amma a dawo mini da shi. Auwalu kai ne farko in ka shigo gari.

Auwalu Zariya:
Ranar Asabar ina Kano in sha Allahu Yaya, zan kira ka bayan la'asar.

Maman Sadik:
Na sauke na kyanwar na ba shi. Ya karanta yana tambayata wai ya aka yi matar ta ga abin da sauran ba su gani ba, na ce ya koma ya sake dubawa. Yanzu ya ce in sauke masa na fataken. Malam Habu wanne ne na farko a cikinsu?

Malam Habu Mai Goro:
Sargasso of Space ne na farko, amma ki ba shi Plague Ship ɗin da ke hannu, ba sai ya karanta na farkon zai gane ba. In ya kai wajen da cuta ta kama ma'aikatan jirgin aka hana su sauka ko'ina, ƙananan yaran huɗu suka rage a tsaye, ki karɓe wayar da daddare in ba haka ba ba zai yi barci ba.